Yadda Ake Yi wa Kat-kat Cikakken Sabis Kafin Bazara a Maraɗi

Abin da ke cinye kat-kat a ƙasarmu ƙura ce da zafi, ba nisan tafiya ba. Prado, Highlander, 4Runner, Pajero da Pathfinder da aka shigo mana da su ta Kwatano da Lome an saba da su a kan kwalta mai kyau da iska mai sanyi. Nan kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo suke shaƙa, a Afirilu da Mayu zafi ya haura digiri 40, damina ta zo su shiga korama da caɓi a hanyoyin ƙauyukan Madarunfa da Dakoro. Saboda haka lokacin babban sabis shi ne ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris: hazo ya ja baya, zafi bai kankama ba. Aikin yini guda ne, kuma mai mota zai iya yin mafi yawansa a ƙofar gidansa. Ko da garaji za ka kai, sanin waɗannan matakai zai sa ka tsaya a kan motarka da idon basira. Lambobin da zan kawo na Toyota ne, don su suka fi yawa a gari. In taka wata ce, tsarin ɗaya ne, sai dai ka duba littafinta don awo.

Kayan aiki

Kile mai zobe da na soket, lamba 10, 12, 14, 21 da 24, sai kile mai kusurwa shida lamba 10 don pon na gaba, wato akwatin haƙoran da ke raba ƙarfi ga tayoyin gaba. Kilen filtar mai. Filaya da sukurdireba. Jak, da ƙafafun ƙarfe biyu da mota za ta zauna a kai, da katako mai kauri na ɗora su. Daro biyu, ɗaya na baƙin mai ɗaya na ruwa, kada a haɗa. Mazurari, tsummoki masu tsabta, tocila, famfon giris, ma'aunin iskar taya naka na kanka, da ƙaramin famfon hannu na tura man pon. In babu wannan famfo, gorar roba da aka huda marfinta aka sa siririn tiyo tana yi, matsawa kawai za ka yi ta yi.

Kayan sauyi kuwa: man inji, filtar mai, sabuwar wosha ta notin juye, filtar iska, filtar gazuwal in motar ta gazuwal ce, ruwan lagireto, ruwan batir wanda aka tace, sabon marfin lagireto, man pon mai alamar GL-5, da giris. Man inji ka saye shi a rufe da hatiminsa daga gidan mai ko dilan da ka sani. Wanda ake aunawa daga durum cikin kwalba ba ka san abin da aka gauraya masa ba. Filta ma haka: jabu sun cika kasuwa, daga nan har Ƙofar Ruwa ta Kano. Ka ɗaga ta a hannu ka ji nauyinta, ka leƙa zaren ciki ka ga ko sumul yake, ka dubi rubutun kwalin. In arahar ta yi yawa, ajiye ta.

1. Ka fara sanin injinka da agogonka

Buɗe bonet, karanta sunan injin a jikin takardar da ke manne ko a murfinsa. Prado samfurin 2002 zuwa 2009 tana zuwa da 1GR mai lita 4.0 ko 2TR mai lita 2.7 a ɓangaren fetur, sai 5L, 1KZ ko 1KD masu lita 3.0 a ɓangaren gazuwal. Highlander ta farko tana da 2.4, 3.0 ko 3.3, daga 2008 kuma aka koma 3.5. Sunan injin ne zai gaya maka irin mai da yawansa, ya kuma gaya maka ko sarƙa ce ke juya shi ko bel. Su 1GR, 2TR, 2.4 da 3.5 sarƙa ce. Na gazuwal ɗin nan uku da 3.0 da 3.3 na Highlander bel ne, yana da wa'adi: kilomita 150,000 a 1KD, mil 90,000 a 3.3. Sauya shi aikin garaji ne, amma in ba ka da shaidar ranar da aka sauya, ka ɗauka ba a sauya ba.

Sannan agogo. Motar da ta fito daga Amurka, kamar yawancin Highlander da 4Runner, da mil take ƙirga, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Mutum zai jira agogo ya ƙara 5,000 kafin ya yi juye, alhali man ya riga ya yi kilomita 8,000 cikin ƙura. A irin wannan mota ka riƙa juye duk bayan 3,000 na agogo. A mai ƙirga kilomita, duk 5,000 ko wata shida, wanda ya riga zuwa.

2. Wurin aiki

Da sassafe, a inuwa, ranar da ba iska, a kan daɓe ko ƙasa mai tauri kuma shimfiɗaɗɗiya. Motar ta kwana ba a tayar ba, don aikin lagireto da sanyin inji ake fara shi. Ja birkin hannu, sa dutse gaba da bayan tayar baya. Prado da 4Runner suna da tsawon da za ka shiga ƙarƙashi ba tare da ɗagawa ba, kuma hakan ya fi. Highlander sai an ɗaga. Jak aikinsa ɗagawa ne kawai, ba a shiga ƙarƙashin motar da ke kansa. A rairayi ƙafar jak nutsewa take yi a hankali har ta kauce, shi ya sa na ce katako. Bulon siminti ba abin dogara ba ne, farfashewa yake yi ba sanarwa. In babu ƙafafun ƙarfe, nemi garajin da ke da rami ka biya kuɗin wurin.

3. Lagireto da duk abin da ke sanyaya inji

Wannan shi ne zuciyar aikin, nan nake so ka fi daɗewa. Injin da man sa ya tsufa zai lallaɓa ya kai ka gida. Wanda ya tafasa a tsakanin Gidan Rumji da Birnin Ƙonni da tsakar rana, kilas ɗinsa, wato kan injin, na iya lanƙwashewa ko tsagewa cikin ƴan mintoci, kuma 1KZ ya yi suna a kan haka.

Ga yadda abin ke aiki a taƙaice. Famfon ruwa yana zagaya ruwa cikin inji ya kwaso zafi, lagireto ya miƙa zafin ga iska. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, amma marfin lagireto yana riƙe matsi, a yawancin Toyota 0.9 ko 1.1 kamar yadda aka buga a kansa, wannan matsin ne ke ɗaga wurin tafasar zuwa wajen digiri 120. Marfin da robarsa ta bushe ba ya riƙe komai, sai motar ta riƙa zubar da ruwa kaɗan-kaɗan kana neman inda yake yoyo ba ka gani. Marfi ba shi da tsada. Sauya shi duk shekara biyu da mai lamba iri ɗaya.

Da inji a sanyaye, buɗe marfin ka leƙa. Ruwa mai launi, ja ko ruwan hoda ko kore, kuma garau, alama ce mai kyau. Mai launin tsatsa yana nufin an daɗe ana zuba ruwan famfo. In ka ga mai yana yawo a sama, ko wani abu mai kauri fari-fari a ƙarƙashin marfin, dakata da sabis ka kai garaji: ko dai gasket ɗin kilas ne, ko kuma, a mota mai giya otomatik, bututun man giya da ke ratsa cikin lagireto ya fashe. Pathfinder ta 2005 zuwa 2010 an san ta da wannan na biyun.

Matsa manyan tiyo biyu, na sama da na ƙasa, da hannu. Wanda ya yi laushi ainun, ko ya kumbura kusa da ɗaurinsa, ko ya ƙandare yana ƙara in an matsa, ya gama aiki. Dubi kan lagireton: robar baƙa ce tun asali, in ta koma ruwan ƙasa zafi ya dafa ta, ba ta da nisa da tsagewa. Haska tocila ƙarƙashin famfon ruwa, in akwai busasshen abu ja ko fari da ya gangaro, famfon ya fara yoyo.

Sai wurin da kusan kowa ke mantawa. Gaban lagireto akwai wani siririn lagireto na kilim, wato na'urar sanyaya cikin mota, tsakaninsu da ɗan rata. Motar da ke shiga gonaki da kaka tana tara ƙaiƙayin hatsi, ƙarangiya, gashin kaji da ledoji a wannan ratar, su manne da ƙura su toshe iska, daga waje kuma ba ka ganin komai. Kwance notocin sama na lagireto, tura shi baya kaɗan, ka haska. Wanke da tiyon ruwa mai sauƙin ƙarfi, daga ɓangaren inji zuwa waje, don dattin ya koma ta inda ya shigo. Kada ka bar masu wankin mota su sa masa injin feshi mai ƙarfi, yana kwantar da siraran haƙarƙarin ya ƙara toshe shi.

Fanka: a Prado da 4Runner inji ne ke juya ta ta wani kulli mai mai a ciki. Da inji a kashe, juya ta da hannu. Ya kamata ka ji tana ɗan riƙewa. In ta yi ta juyawa sakaka, ko ka ga maiƙo a jikin kullin, ba za ta ja iska ba lokacin da ake bukata, kuma alamarta ita ce allura ta hau in kana tsaye ko cikin rairayi, ta sauka in ka hau kwalta. A Highlander fankokin na lantarki ne, kunna kilim ka ga suna juyawa.

Yanzu sauya ruwan. Ƙasan lagireto akwai ɗan famfon roba, sa daro, buɗe shi da yatsu. Kusan rabin ruwan ne zai fita ta nan, sauran yana cikin inji. In ruwan da ya fito mai tsabta ne, rufe ka cika da sabo. In mai tsatsa ne, cika da tataccen ruwa, tayar da inji ya yi zafi, bari ya huce, juye, ka maimaita har ya fito garau. Wannan zai ci maka yini, amma ba yadda za a yi. Ruwan lagireto na Toyota mai ruwan hoda a gauraye yake zuwa, ba a ƙara masa ruwa. Ja mai kauri ana raba shi rabi da rabi da tataccen ruwa. Kada ka haɗa kala biyu da ba ka san asalinsu ba.

Mutane kan ce ruwan lagireto na ƙasar ƙanƙara ne, mu ba ruwanmu da shi. Gaskiya ne yana hana daskarewa, amma aikinsa a wurinmu hana tsatsa ne da kare famfo da alminiyon inji. Ruwan rijiya da na famfo suna da gishirin ƙasa da ke daskarewa cikin bututun lagireto kamar farin da ke kama gindin butar shayi, bututun kuma sirara ne ƙwarai. In ba ka sami tataccen ruwa ba, ruwan da ke ɗiga daga kilim ɗin ɗaki, in an tara shi a kwano mai tsabta aka tace da ƙyalle, ya fi na famfo nesa ba kusa ba. Wajen sayen ruwan batir kuma ka tabbatar ruwa aka ba ka, ba asid ba.

Zuba a hankali har wuya. Juya maɓallin ɗumin cikin mota zuwa zafi, bar marfi a buɗe, tayar da inji. Kumfa zai riƙa fitowa, ruwan na sauka, kana ƙarawa. Idan tiyon da ke da sanyi ya ɗau zafi, tamostat, wato ƴar ƙofar da ke sakin ruwa zuwa lagireto in inji ya yi zafi, ya buɗe ke nan. Jira kumfan ya ƙare, rufe marfi, cika ƙaramar gorar gefe zuwa layin sama. Gobe da safe ka sake dubawa, yakan ɗan sauka.

Maganar tamostat: za a ce maka, "Alhaji, a cire wannan, na Turai ne, shi ke sa mota zafi." Ka ce, "Malam, a bar shi, in ya lalace a sa sabo." Yana buɗewa ne a wajen digiri 82. In babu shi, da safiyar ɗari inji ba ya kai zafin aikinsa, kwamfutar mota ta yi ta ƙara mai, ƙarafa na cin juna. A yawancin injunan nan kuma shi ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya ratsa lagireto ba, don haka cire shi na iya ƙara zafin da ake gudu. Gwada shi ba wuya: jefa shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta, in bai buɗe ba kafin ruwan ya tafasa, ya mutu.

Tsohon ruwan da ka juye yana da zaƙi kuma guba ne. Kada ka bar daron a tsakar gida inda yara, awaki ko kaji za su kai baki.

4. Juyen mai

Injin ya riga ya yi zafi daga matakin baya. Kashe shi, ba shi kamar minti 20, man zai kasance da ɗumin da zai gudana ba tare da ya ƙona ka ba. In akwai farantin kariya a ƙasa, kwance shi da kile 12. Goge kewayen notin juye, sa daro, kwance da kile 14. Ka tabbatar na inji ka kama. Na giya a Prado da 4Runner yana can baya kaɗan, kuma in mai ja ya fito, man giya ne ka buɗe, mayar da sauri.

Bar shi ya tsiyaye har ya koma ɗigo. Sa sabuwar wosha, ɗaura notin da yatsu tukuna har ya zauna, sannan kile. Awonsa wajen 40 Nm ne a kile mai awo. In babu, ƙarfin hannu ɗaya a gajeren kile ya isa. Yaran garaji kan sa bututu su taka, zaren ya cinye, daga nan mota ta fara ɗigo har abada.

Filta: a 1GR na farko tana sama, gaban inji, ba sai ka kwanta ba. In ba ka da kilenta, naɗa tsohon bel ko takardar yashi ka murɗa. Da ta fita, dubi bakinta ka ga tsohuwar robar ta biyo ta. In ta manne a jikin inji ka ɗora sabuwa a kai, roba biyu ba sa riƙe matsi, man zai tsiyaye gaba ɗaya a hanya. Shafa sabon mai a robar sabuwar, murɗa da hannu har ta taɓa, ka ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye. Ba a sa mata kile. Injin 3.5 da 1GR na baya ba su da filtar gwangwani, takarda ce cikin kofi, tana zuwa da zoben roba, sai an sauya shi, kuma kofin yana son kilensa na musamman.

Na fetur suna son 5W-30, in ba a samu ba 10W-40 ya yi. Na gazuwal 15W-40. Al'adar zuba 20W-50 ga kowace mota don wai zafi ya yi yawa ba ta dace da injunan da aka rubuta wa VVT-i ba, hanyoyin mansu sirara ne, mai kauri yana jinkirin kaiwa sama da safe. Yawan mai: 3.3 lita 4.7, 1GR na farko lita 5.2, 3.5 lita 6.1, na gazuwal wajen lita 7. Zuba ƙasa da haka da rabin lita, tayar da inji minti ɗaya, ka ga fitilar mai ta mutu cikin ƴan daƙiƙu, leƙa ƙasa ko akwai yoyo, kashe, jira minti biyar, auna da sandar. Ya tsaya kusa da alamar sama, kada ya wuce. Kuma kada ka yarda a wanke maka cikin inji da gazuwal ko kananzir.

5. Filtar iska

Buɗe akwatin, ciro ta, kafin komai ka shafa yatsa a cikin bututun da ke bayanta, ɓangaren inji. In yatsan ya ɗebo ƙura, wani wuri na shigar da iska ba ta filta ba: ko filtar ba ta zauna daidai ba, ko marfin ya karye, ko bututun ya tsage a lanƙwasarsa. Nemo wurin yau. Wannan ƙurar ita ke cin zoben fistin har mota ta fara shan mai da hayaƙi.

Bayan hazo sabuwa ake sawa. Tsakanin sabis da sabis ana iya kakkaɓe ta a hankali ko a hura ta da iska mara ƙarfi daga ɓangaren mai tsabta. Ba a wanke ta takarda da ruwa ko fetur. Ɗaga ta ga rana, in ka ga ɗigon haske ko ɗaya ta huje. Goge cikin akwatin da jiƙaƙƙen tsumma. Ƙaramar na'urar da ke da waya a kan bututun, mai auna iska, kada ka taɓa cikinta da yatsa ko tsumma. Filtar kilim tana bayan akwatin gaban fasinja a yawancinsu, ita ma sauya ta, za ka ji bambancin sanyi.

6. Filtar gazuwal

Mai motar fetur ya wuce wannan. A ta gazuwal, ƙasan filtar akwai ɗan famfo, samanta akwai abin dannawa. Sa kofi, sassauta famfon, danna har ruwa da datti su ƙare gazuwal mai tsabta ya biyo. In sauya ta za ka yi, cire wayar ƙasa, kwance, mayar da na'urar ƙasan a kan sabuwa da sabon zobe, ɗaura, ka yi ta dannawa har abin ya yi tauri kafin ka tayar. 1KD ba ya haƙuri da ruwa ko kaɗan, allurorinsa kuma suna da tsada ƙwarai. Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011 gazuwal na gidan mai bai yi mana nisa ba, shi za ka riƙe. In tafiya ta tilasta maka sayen na ruwa-ruwa a bakin hanya, tace shi da ƙyalle mai kauri, kada ka juye na gindin bido, ka kuma zubar da ruwan filtar da ka dawo.

7. Ƙarƙashin mota

Pon na baya, pon na gaba, da akwatin da ke raba ƙarfi tsakaninsu, kowanne da mansa. Doka ɗaya: fara kwance notin zubawa na sama kafin na juyewa. In ka juye sannan na saman ya ƙi kwancewa, motar ta zauna ke nan. Sa yatsa a ramin, man ya kasance daf da baki. In ya yi fari kamar an dama, ruwa ya shige shi, galibi daga ƙetaren Gulbi ko korama da daminar bara, sauya nan take. In ba haka ba, duk kilomita 40,000. Wasu Prado suna da pon na baya mai alamar LSD, wannan mansa daban ne, duba takardar da ke jikinsa. Highlander mai jan gaba kawai ba ta da waɗannan.

Kardan na Prado da 4Runner, wato dogon ƙarfen da ke kai ƙarfi zuwa pon, yana da kawunan giris. Goge kowanne kafin ka ɗora famfo, in ba haka ba yashi za ka tura ciki. A mahaɗa, buga har sabon giris ya leƙo. A wurin da kardan ke zamewa ciki da waje, bugu biyu ko uku ya isa. Dubi robobin da ke rufe mahaɗar ƙafafun gaba. Wadda ta yage, giris ya fita yashi ya shiga, in ka sauya robar da wuri ka tsira da mahaɗar. Man giya otomatik kuwa, tsofaffi T-IV suke sha, na baya WS kuma yawancinsu ba su da sandar awo. Bar wannan ga wanda ya san shi.

8. Birki da batir

Leƙa ta tsakanin ƙarfen taya, in naman birki ya kusa milimita 3 sauya. Man birki yana shan danshi, duk shekara biyu ake sabunta shi, da DOT 3 ko DOT 4 daga sabuwar gora. Batir zafi ke kashe shi. Cire waya mai alamar ragi tukuna da kile 10, kankare farin da ya taru, cika ɗakunan da tataccen ruwa in mai buɗewa ne, ka ɗaure shi da ƙarfensa. Batirin da ke rawa a gargada ba ya daɗewa.

9. Taya

Awon iska yana rubuce a jikin ƙofar direba, galibi tsakanin bar 2.0 da 2.3. Auna da safe da ma'auninka. Masu faci da yawa suna bugawa har sai taya ta yi ƙara in an ƙwanƙwasa, wannan na sa mota tsalle a gargada, tsakiyar tayar ya cinye. A gefen kowace taya, bayan DOT, akwai lamba huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Wadda ta haura shekara shida, ko zanenta na nan, ban yarda a hau kwaltar Yamai da ita a watan Afirilu ba. Cikin tsofaffin tayoyin da ake kawowa daga Turai akwai masu hoton ƙanƙara cikin dutse, na sanyi ne, robarsu taushi gare ta, ba ta jure zafinmu.

Prado ƙafa huɗu take ja kullum, don haka tayoyin huɗu su zama girma ɗaya, cinyewarsu kusa da juna. Sauko da sifiya ka auna ta. A 4Runner da Highlander daga samfurin 2004 tana ƙarƙashi, sarƙar da ke sauko da ita takan cije da ƙura, sa mata mai tun a gida.

10. Gwaji

Fita da motar, kilim a kunne, ka bi hanyar Tibiri ko ta Ɗan Isa kamar kilomita 15 ka dawo, idonka a kan allurar zafi. In motarka tana da su, a wani fili mai rairayi sa ƙaramar giya da makullin tsakiya mai haɗe ƙafafun gaba da na baya, yi ƴan mitoci, ka cire. Yin haka sau ɗaya a wata yana hana su cijewa. Ba a sa makullin a kan kwalta. Da ka dawo, tsaya a wuri mai tsabta, leƙa ƙasa da tocila. Rubuta kwanan wata, lambar agogo da abin da aka sauya a ƙaramin littafi, ajiye shi cikin motar. Baƙin man a zuba shi cikin bido a kai garaji, kada a tuttular a kwata ko kusa da rijiya.

In kana son yi mata ƙari

Abin da ya cancanci kuɗinka shi ne taya mai ƙarfin gefe a girman asali, wanda a Prado samfurin 2002 zuwa 2009 yawanci 265/65 R17 ne, da farantin kariya a ƙarƙashin inji, da ƙaramin famfon iska mai aiki da batir. Famfon nan shi ke ba ka damar rage iska zuwa wajen 1.3 in ka shiga rairayi mai zurfi, tayar ta baje motar ta daina nutsewa, sannan ka mayar da iskar kafin ka hau kwalta. Gudu da sassaucin taya a kan kwalta mai zafi fashewa yake kawowa.

Ƙaton ƙarfen gaba da jerin fitilu da maƙera ke ɗorawa daidai bakin lagireto suna tare iskar da ka sha wahalar buɗe wa hanya. In dole ne saboda dabbobi a hanyar dare, a yi shi da siririn bututu, fitilun su koma gefe. Ɗaga mota fiye da santimita 5 yana karkatar da mahaɗar ƙafafun gaba, robobinsu su riƙa yagewa. Kaya a kan rufi kuma suna sa doguwar mota saurin kifewa a kwana, don haka buhunan hatsi da bidon ruwa su zauna ciki, a ƙasa, tsakanin ƙafafun, tabarmi da katifa su hau sama.